Hatimi da Mabuɗi: Tarihin Shiga Kwamfutar da Ba Mu Gani

Akwai wata magana da ta shigo bakinmu a 'yan shekarun nan wadda kakanninmu ba su san ta ba: "Saba ta faɗi." Ana jin ta a banki, ana jin ta a wurin rajistar JAMB, ana jin ta a ofishin katin ɗan ƙasa. Mutum zai taso daga Achilafiya ko Gwiwa ko Roni da sassafe, ya biya kuɗin mota zuwa Kazaure, ya tarar da ma'aikaci zaune gaban kwamfutarsa ta tebur. Wuta akwai, na'ura lafiyarta ƙalau, amma aiki ya tsaya cik. Dalili shi ne kwamfutar da ke kan teburin taga ce kawai. Sunanmu da hotonmu da zanen yatsunmu suna can cikin wata babbar kwamfuta a Abuja ko Legas ko ma wata ƙasa, wadda ake kira saba, wasu kuma suka fassara ta da uwar garke.

Tsakanin teburin nan da uwar garke akwai tafiya mai nisa, kuma saƙo yana bi ta hannaye da yawa kafin ya isa. Duk wanda zai aika abu mai daraja ta irin wannan hanya, dole ya amsa tambayoyi uku. Gidan da nake ƙwanƙwasawa, shi ne gidan da nake nufi? Ta yaya masu gidan za su tabbatar ni ne? Kuma me zai hana na kan hanya su karanta abin da na aika, ko su canza shi? Masana kwamfuta sun shafe wajen shekara talatin kafin su haɗa amsoshin wuri guda. Amma tambayoyin sun girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma ƙasarmu ta daɗe da sanin su.

Zamanin manzo da hatimi

Masarautar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa a 1819, ta tashi ne cikin jayayya da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, kuma maganar ba ta mutu ba sai da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya amince mata ta tsaya da ƙafarta. Wato tun ranar farko, makomar wannan yanki ta rataya ga hukuncin da aka yanke a wani wuri mai nisa, tafiyar kwanaki a kan doki. Haka Daular Sakkwato ta gudana gaba ɗayanta: da wasiƙu. Naɗi da tuɓewa, neman gudunmawar yaƙi, hukuncin gado da na iyaka, duk a takarda suke tafiya cikin jakar manzo.

Daular tana da hanyoyinta na tabbatar da saƙo. Akwai hatimi da ake bugawa a kan wasiƙar sarki, wanda magatakarda ya san kamanninsa. Akwai salon buɗe wasiƙa da jerin gaisuwa da laƙabobi, wanda baƙo ba zai iya kwaikwayonsa cikin sauƙi ba. Akwai shi kansa manzon, wanda yawanci sanannen fuska ne a fadar da aka aike shi. Sannan akwai tsarin ƙofa: sarki ba ya tura magana kai tsaye ga Sarkin Musulmi, sai ta hannun wani babban bafade da aka ware masa. Waziri, misali, shi ne ƙofar Kano da Zazzau. Saƙon da bai biyo ta ƙofarsa ba, tun daga nan an fara zarginsa.

Wannan tsari ya amsa tambayoyi biyu na farko gwargwadon hali. Ta ukun ce ya bari a buɗe. Hatimi yana shaida wanda ya aiko, amma ba ya rufe abin da ke ciki. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun sami tarin wasiƙun sarakuna a gidan Waziri Buhari, kuma a 1927 wani jami'insu, H. F. Backwell, ya buga fassararsu cikin littafi. Shawarwarin da sarakuna suka yi a tsakaninsu game da zuwan Nasara sai ga su a hannun Nasara, ba tare da an sha wata wahala ba illa neman wanda ya iya Larabci. Ko a tambaya ta farko ma an sami tangarɗa: wasiƙar nan ta 1902 da aka ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aika wa Lugga, wadda Lugga ya kafa hujjar yaƙi da ita, masu tarihi sun daɗe suna gardama a kan sahihancinta.

Ba wai duniyar Musulmi ba ta san ilimin ɓoye rubutu ba. Tun ƙarni na 9, Al-Kindi a Bagadaza ya rubuta risala a kan yadda ake warware rubutun sirri ta hanyar ƙirga haruffan da suka fi yawan maimaituwa. Mu ma muna da zaurance, wanda 'yan mata ke cusa wasu gaɓoɓi cikin kalma don kada na gefe ya gane. Sai dai zaurance da rubutun sirri na da, ciwonsu ɗaya ne: sai mai faɗa da mai ji sun haɗu tukuna sun yarda da ƙa'ida. Idan ba ku taɓa haɗuwa ba, ta wace hanya za ka aika masa ƙa'idar ba tare da na kan hanya sun ji ta ba? Wannan kullin ya kai har ƙarni na 20 ba a kwance shi ba.

Waya ta zo, sirri bai zo ba

Turawa sun shimfiɗa wayar tangaraho a Arewa tun shekarun farko na mulkinsu, kuma daga nan muka sami kalmar "buga waya". Saƙon da yake cin kwanaki ya koma cin sa'o'i. Amma ma'aikacin da ya buga ya karanta, wanda ya karɓa a can ma ya karanta. Sauri ya ƙaru, sirri ya ragu.

Haka kwamfuta ta gaji abin. Ranar 29 ga Oktoba 1969, wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, Charley Kline, ya zauna zai shiga wata kwamfuta da ke cibiyar bincike ta Stanford, ɗaruruwan kilomita daga inda yake. Wannan shi ne saƙo na farko a kan ARPANET, kakar intanet. Ya buga haruffa biyu na kalmar neman shiga, sai na'urar can ta tsaya. Ashe dai faɗuwar saba tare aka haife ta da intanet. Abin lura shi ne, aikin farko da aka nemi wannan hanya ta yi shi ne ainihin abin da muke magana a kai: mutum a nan, kwamfuta a can.

Manhajar da aka yi don wannan aiki ita ce telnet, daga baya aka sami 'yan'uwanta irin su rlogin. Sun yi aiki shekara da shekaru, amma duk abin da ka buga, har da sunanka da kalmar sirrinka, a fili yake tafiya kamar wasiƙar da ba a sa a ambulan ba. A lokacin ba a damu ba, domin masu amfani da hanyar 'yan kaɗan ne, malaman jami'a da ma'aikatan gwamnati da suka san juna. Ƙauye ne da ba a rufe ƙofa. Da ƙauyen ya zama birni, sai ɓarayi suka gano cewa ba sai sun fasa gida ba. Su dasa ƙaramar manhaja a bakin hanya kawai, ta yi ta kwashe kalmomin sirrin masu wucewa.

Kwaɗo a kasuwa, mabuɗi a aljihu

Kullin nan na zaurance an kwance shi ne a 1976, lokacin da Whitfield Diffie da Martin Hellman a Amurka suka nuna cewa mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su iya yin musayar wasu lambobi a bainar jama'a, kowa na ji, su ƙare da sirri guda wanda mai sauraro ba zai iya lissafo shi ba. A 1977, Rivest da Shamir da Adleman suka fito da tsarin RSA. Sai a 1997 duniya ta ji cewa ma'aikatan leƙen asirin Ingila sun riga su gano irin wannan dabara tun farkon shekarun 1970, amma aka hana su faɗa.

Dabarar a taƙaice ita ce a raba kwaɗo da mabuɗinsa. A da, duk wanda zai kulle maka saƙo sai ka ba shi mabuɗi, kuma mai mabuɗi yana iya buɗewa. A sabon tsari, kwaɗon kake rabawa. Ka ba kowa, ka rataye shi a kasuwa in ka ga dama. Mabuɗin kuwa guda ɗaya ne, yana aljihunka, ba ya fita.

Wanda ya ɗauki wannan ilimi ya ɗora shi a kan matsalar telnet wani mai bincike ne a Jami'ar Fasaha ta Helsinki, a ƙasar Finlan, mai suna Tatu Ylönen. A 1995 aka gano cewa 'yan dandatsa sun dasa irin manhajar nan mai kwasar kalmomin sirri a hanyar sadarwar jami'arsu. Ya zauna ya rubuta manhajar da ya kira SSH, ya sake ta kyauta a watan Yuli na shekarar. Kafin shekara ta ƙare, masu amfani da ita sun kai kimanin 20,000 a ƙasashe 50. Kowace uwar garke tana da ƙofofi masu lamba, sama da 65,000, kowace da irin baƙin da take karɓa. Ƙofa ta 21 ta masu jigilar fayil ce, ta 23 ta telnet. Ylönen ya ga ta 22 babu kowa, ya rubuta wa hukumar da ke rabon lambobin ya nema, aka ba shi. Har yau ta nan ake shiga.

Ga yadda abin yake idan ma'aikaci ya zauna a teburinsa zai shiga uwar garken da ke nesa. Da farko uwar garken ce ke nuna hatiminta, wani dogon jerin haruffa da lambobi da ba ta tarayya da kowa a kansa. A haɗuwar farko, kwamfutar tebur za ta tambayi mai ita ko ya yarda da wannan hatimi. In ya yarda, sai ta adana shi. Duk ranar da hatimin ya canza, za ta tsaya ta yi gargaɗi da babbar murya cewa wataƙila wani ya tsaya a tsakani yana shigar burtu. Bayan haka sai ɓangarorin biyu su ƙulla zaurancensu na wannan zama kaɗai, ta dabarar Diffie da Hellman, wanda ake watsarwa da an tashi. Sannan ne ma'aikacin zai tabbatar da kansa. Yana iya buga kalmar sirri, wadda yanzu a rufe take tafiya. Abin da ya fi shi ne ya riga ya ajiye kwaɗonsa a uwar garken. Ita za ta nemi ya nuna yana riƙe da mabuɗin, kwamfutarsa ta sa hannu da shi a kan wani saƙon gwaji, a duba a ga ya dace. Mabuɗin kansa bai taɓa barin tebur ba. Tambayoyi ukun nan, an amsa su cikin ƙiftawar ido.

Da Ylönen ya kafa kamfani, manhajar ta fara komawa ta kuɗi, sai masu aikin OpenBSD suka ɗauki tsohon zubin da yake kyauta suka gina OpenSSH, wadda ta fito a ƙarshen 1999. A shekarar ce kuma wani Baturen Ingila, Simon Tatham, ya fitar da PuTTY, ƙaramar manhajar da ta ba masu Windows damar shiga ta ƙofa ta 22, baƙin allo da farin rubutu. A 2006 aka tabbatar da zubi na biyu na SSH a matsayin ƙa'idar duniya. Ya kamata mu bambanta: ɗan kwaɗon da muke gani a saman shafin banki ko na JAMB wani tsari ne daban, ɗan'uwan wannan, wanda kamfanin Netscape ya fitar shi ma a 1995. Wancan ƙofar baƙi ce, ta zaure. SSH ƙofar masu gida ce, wadda ake bi a gyara, a goge, a ƙara, a kashe.

Lokacin da hanyar ta iso Kazaure

A shekarar da Ylönen ke rubuta manhajarsa, jihar Jigawa tana da shekara huɗu da kafuwa. A shekarar ce aka yi wa Najeriya rajistar adireshinta na intanet, wato .ng, amma kula da na'urorinsa a ƙasashen waje ake yi, kuma sai a 2005 aka kafa ƙungiyar NiRA don ta karɓi ragamarsa. Layukan wayar NITEL a faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Sunan namu ne, mabuɗin yana hannun wasu.

Shekarar 2001 ce ta juya al'amura. A cikinta aka kafa hukumar NITDA, a cikinta wayar salula ta fara aiki a watan Agusta, kuma a cikinta gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki, ɗan Kazaure, ta buɗe cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure tare da kamfanin Informatics na ƙasar Singafo. Gwamnatin ta kuma kafa kamfanin Galaxy don kawo intanet jihar ta tauraron ɗan Adam. Mutane da yawa sun yi gunaguni a lokacin, kuma ba a rasa hujja a maganarsu ba: jihar da ke fama da ƙarancin ruwan sha da azuzuwan firamare, ina ita ina intanet? Amma abin da ya faru ya faru. Garin da aka sani da dam da duwatsu ya zama wurin da matasa daga jihohi daban-daban ke zuwa koyon haɗa kwamfutoci da kula da uwar garke, shekaru biyar kafin gwamnatin tarayya ta kafa nata kamfanin, Galaxy Backbone, a 2006.

Daga nan abubuwa suka yi ta ƙaura zuwa uwar garke ɗaya bayan ɗaya. Lambar BVN ta zo a 2014. JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015. A ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. A 2021 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. A farkon 2023 aka buɗe babbar cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a Kano, ƙasa da kilomita 100 daga Kazaure. Uwar garken da a da take bayan teku, yanzu ta matso kusa da gida.

Wa ke riƙe da mabuɗin?

Kusanci bai kashe tsofaffin tambayoyin ba. Bayan zaɓen 2019, Atiku Abubakar da jam'iyyar PDP sun gabatar wa kotu alƙaluman da suka ce daga uwar garken INEC suka fito, masu nuna su ne suka ci. INEC ta ce ba ta tattara sakamakon ta wannan hanya ba, kuma ranar 11 ga Satumba 2019 kotun ta yanke cewa ba a tabbatar da iƙirarin ba. Ko wane ɓangare mutum yake, zai ga cewa abin da aka yi ta ja a kansa tambayar magatakardan Sakkwato ce: wannan takarda, daga inda aka ce ta fito ta fito? Ina hatiminta? A watan Mayu na 2025 kuma shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa gyaran da ba a kammala ɗora shi a kan wasu na'urori ba ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da kudu maso gabas. Aikin 'yan mutane kaɗan a ƙofar masu gida ya taɓa gidaje dubbai.

Ita kanta SSH ta kusa cin amana, kuma ba ta hanyar karya lissafinta ba. A watan Maris na 2024, wani injiniya Bajamushe da ke aiki da Microsoft, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata na'urarsa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi, sai ya tarar an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin wata ƙaramar manhaja mai suna xz, wadda ke iya kaiwa ga SSH a kan dubban uwayen garke. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe sama da shekara biyu yana taimaka wa mai kula da manhajar, yana gyare-gyare na gaskiya, har aka amince masa aka ba shi dama. Da ɗan gari akan ci gari. An kama abin kafin ya bazu, saboda mutum ɗaya ya ƙi raina rabin daƙiƙa.

A nan darasin ya dawo kanmu. Lissafin Diffie da Hellman yana aiki a Achilafiya daidai yadda yake aiki a Helsinki, ba ya tambayar ko akwai kwalta a garin. Inda muke da rauni shi ne wajen riƙon mabuɗi. Mun san ofisoshin da ake rubuta kalmar sirri a takarda a manna jikin allon kwamfuta. Mun san inda mutum biyar ke shiga da suna ɗaya, ta yadda in an yi ɓarna ba a san hannun wa ba. Mun san yadda dattijo ke miƙa wa yaron shago katinsa haɗe da lambar sirri don a ciro masa kuɗi, da yadda ake danna "na yarda" a kan kowane gargaɗi ba tare da an karanta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mafi yawan tsagar a wajenmu take, ba a wajen na'ura ba.

Kakanninmu ba su kasance masu sakaci da hatimi ba. Ba a barin sa a zaure, ba a ba da aronsa, kuma an san wanda ke da alhakinsa. Yau albashin malamanmu, sunayen manoman da za a ba taki, sakamakon 'ya'yanmu da ƙuri'unmu duk suna bayan wata ƙofa mai lamba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ta ba mu 'yancin tambayar yadda ake riƙe da su, kuma ya dace mu riƙa tambaya a kowace ma'aikata da kowace ƙaramar hukuma: su wa ke da mabuɗin shiga, mutum nawa ne, kuma in ɗan kwangila ya gama aikinsa ya tafi, ana cire kwaɗonsa ko ana barin sa rataye? Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ana koyar da wannan ilimi a Kazaure, ga Babura ta biyo baya. Masu iya riƙon mabuɗin suna cikinmu. Abin da ya rage shi ne a damƙa musu shi bisa ƙa'ida, a rubuta wanda aka ba, a kuma riƙa bibiya, kamar yadda fada take yi da hatiminta tun zamanin Ɗantunku.